RUMFAR CIYAWA DA GADON ZINARIYA

   Maganar yau daga Kilomita Biyar ta fito, watau babbar unguwar fatake ta birnin Bangi, a ƙasar Afirka ta Tsakiya. An sa mata wannan suna saboda tazarar da ke tsakaninta da tsakiyar gari, can wajen bakin Kogin Ubangi. Hausawa da Barebari da Fulani da mutanen Cadi da na Sanagal sun daɗe da zama a nan, har sun yi 'ya'ya da jikoki.

ABIN DA YA JAWO MAGANAR

Ni katekis ne a wata ƙaramar majami'a da ke gefen unguwar. Aikina shi ne koya wa masu neman baftisma, da jan addu'a ran da Fada bai sami zuwa ba. Majami'armu ta ƙone a shekarun tashin hankali. Muka daɗe muna sujada a gindin mangwaro, daga baya muka ta da bango, muka rufa da kwano. Yanzu Allah ya ba da ɗan sauƙi, baiko ya taru kaɗan, sai dattawa suka zauna shawara a kan abin da za a yi da shi.

Waɗansu suka ce a sayi injin wuta da manyan lasifika, a shimfiɗa tayil, a sayo kujeru masu laushi na manyan baƙi, gama majami'un da ke kewaye da mu duk sun yi haka, samarinmu kuwa suna ta zamewa can. Waɗansu suka ce a'a, ga gwauraye mata da yaƙi ya bar mana, ga marayu ba sa zuwa makaranta, ga rijiya ta rufta. Magana ta yi zafi har wani dattijo ya ɗauki hularsa ya fita.

A makon nan kuma na nemi samari su zo mu share fili. Sai ɗayansu ya ce mini, "Malam, nawa ne kuɗin zama?" Ban ga laifinsa ƙwarai ba. Tun shekarun yaƙi ƙungiyoyin agaji sun saba ba mutane ɗan kuɗi in sun zo taro, yaron kuwa da wannan ya buɗe ido. Amma tambayar ta hana ni barci.

Na sani ba mu kaɗai ke da wannan gardama ba. Saboda haka na ga ya kamata mu tambayi tarihi, domin da tsohuwar zuma a ke magani. Me ya riƙe ikilisiya a ƙasan nan tun da fari? Me ya tsaya a ranar wahala, me kuma ya watse?

MASU BI NA FARI

Ubangijinmu kansa bai gina ɗakin sujada ko ɗaya ba. Ya koyar a bakin teku, da cikin jirgin masunta, da kan tudu, da gidajen mutane. Daren da aka bashe shi, a ɗakin aro ya ci jibi da almajiransa. Kayan da ya yi aiki da su a daren nan gurasa ce da ƙoƙo, da daro da ruwa da mayafi. Ya durƙusa ya wanke ƙafafunsu, aikin da a ke bar wa bawa. Ku buɗe Yohanna sura 13 ku karanta da kanku.

Cikin Ayyukan Manzanni sura 6 kuma mun ga gunaguni ya tashi a ikilisiyar Urushalima, domin ana mantawa da waɗansu gwauraye wajen rabon abinci. Sai aka zaɓi mutum bakwai su riƙe wannan aiki. Ashe tun farkon fari ikilisiya ta ga rabon tuwo ya isa a naɗa masa mutanen kirki da addu'a.

Kusan shekara 300 masu bi suka yi, galibin sujadarsu a gidajen 'yan'uwa. A shekarun 1930 masu tonon kufai suka gano irin wannan gida a wani tsohon gari mai suna Dura, a bakin Kogin Yufiretis, ƙasar Siriya. Gidan zama ne kamar na kowa. Wajen shekara ta 240 aka rushe bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu, aka sami zauren da zai ɗauki mutum sittin ko saba'in, aka mai da wani ɗaki wurin baftisma. Shi ke nan. Da irin waɗannan gidaje bishara ta game mulkin Rum, tun kafin Sarki Kustantin ya ba masu bi 'yanci a shekara ta 313.

Akwai kuma labarin da ikilisiya ta riƙe na wani dikin a birnin Roma, sunansa Lauran, wanda aka kashe a shekara ta 258. Mai mulki ya ce ya kawo dukiyar ikilisiya. Lauran ya tara makafi da guragu da gwauraye waɗanda ikilisiya ke ciyarwa, ya kai su gabansa, ya nuna masa cewa dukiyar ke nan.

YADDA BISHARA TA HAU KOGIN UBANGI

To, bari mu dawo gida. Faransawa suka kafa Bangi a 1889, a wurin da duwatsu suka tare kogi, jiragen ruwa ba su iya wucewa. A 1894 Bishop Prosper Augouard ya kafa mishan na fari kusa da duwatsun nan, aka sa masa sunan Bulus Mai Tsarki. A shekaran nan kuma aka kafa na biyu can sama da kogi, a ƙasar Banziri. Ɗakunan fari na ƙasa ne da itace da ciyawa. Yawancin almajiran fari kuwa yara ne da aka fanso daga bauta. Zazzaɓi ya kashe masu mishan da yawa tun suna samari.

Masu bishara na Furotesta sun zo daga baya. Wani mutumin Amurka, James Gribble, da matarsa likita, sun iso Afirka a 1918, suka yi shekara uku suna jiran izinin Faransawa. A 1921 suka zauna a Bassai, cikin duwatsun Kare. A 1923 Gribble ya mutu. Bai ga babban gini ba, bai ga babban taro ba. Amma ikilisiyoyin da suka tsiro daga wannan aiki suna nan birjik a yammacin ƙasar.

Sai mu tambaya: Turawan nan kima ne, ƙasa kuwa ta fi Faransa faɗi, yaya maganar Allah ta kai ƙauyuka? Da ƙafar 'yan ƙasa ta kai. Katekis na ƙauye da mai bishara na ƙauye manoma ne kamar kowa. Da safe ya kan buga ganga ta itace, ko wani guntun ƙarfe da aka rataye a reshe, mutane su taru a rumfar da suka kafa da hannunsu. Maza suka sari itace, mata suka yanko ciyawa, yara suka ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kujerun gungumen itace ne. Fada ko fasto ya kan zo sau biyu ko uku a shekara, da ƙafa, ko da kwalekwale, daga baya da keke. Sauran kwanaki duka katekis ne ke koyar da yara, shi ke zama da mai ciwo, shi ke binne matattu. Abin da a ke ba shi bai isa cefane ba, gonarsa ce ke ciyad da shi. Da aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da harshen Sango a 1966, a hannun irin waɗannan mutane ya shiga ƙauyuka, cikin jakar fata da kan keke.

A zamanin nan kamfanonin Turawa suna tilasta wa mutane tsagar roba a kurmi, da dūka da ɗauri. Daga cikin wannan wahala wani maraya ya fito, ɗan ƙauyen Bobangi a ƙasar Lobaye, aka kai shi hannun masu mishan. Aka yi masa baftisma a Bangi a 1922, aka sa masa suna Barthelemy. Shi ne Boganda. A watan Maris 1938 ya zama Fada na fari daga 'yan Ubangi-Shari. Daga baya ya shiga siyasa, ya bar aikin Fada, ya ja ƙasar har bakin mulkin kai, ya mutu a hatsarin jirgin sama ran 29 ga Maris 1959. Abin da ya sa wa jama'arsa a gaba kalmomi biyar ne: a ciyar, a tufatar, a warkar, a koyar, a ba da wurin kwana. Ku duba da kyau, waɗannan ayyuka su ne waɗanda ya gani ana yi a rumfar mishan tun yana yaro.

RANAR GADON ZINARIYA

Ƙauyen nan na Bobangi ya haifi wani maraya kuma, wanda shi ma ya yi makarantar mishan. Sunansa Jean-Bedel Bokassa. Ya shiga soja, ya ƙwace mulki a daren shiga shekara ta 1966. A 1976 ya ce ƙasar ta zama daula, shi kuwa sarkin sarakuna ne. Ran 4 ga Disamba 1977 aka yi bikin naɗinsa a Bangi.

Tsofaffinmu da suka gani har yau suna ba da labari. An ƙera masa gadon sarauta a Faransa, siffar gaggafa mai buɗaɗɗun fikafikai, na tagulla shafe da zinariya, nauyinsa wajen tan biyu. Kambinsa cike da lu'ulu'u. Aka kawo dawakai da keken doki daga Faransa, da motoci Marsandi sittin, da furanni da abinci cikin jiragen sama. Masu lissafi sun ce kuɗin ya kai wajen dalar Amurka miliyan 20, kusan sulusin abin da gwamnati ke kashewa a shekara guda. Ya ɗauki kambi da hannunsa ya ɗora a kansa, yana kwaikwayon Napoliyon na Faransa. Daga nan aka wuce babban cocin Bangi, mai jan bulo, wanda aka ƙawata kamar ba a taɓa yi ba, aka yi sujada.

Tun da aka gina cocin nan a shekarun 1930 ba a taɓa yin taro mai ado irin wannan a cikinsa ba. Amma Bokassa bai sami abin da ya fi so ba. Ya gayyaci Fafaroma Bulus na 6 ya zo, bai zo ba. Ko shugaban ƙasa ɗaya bai halarta ba.

Akwai abin lura game da wannan Fafaroma. A watan Nuwamba 1964 shi da kansa ya ɗauki kambinsa mai hawa uku, ya ajiye shi a kan bagade, ya bayar domin matalauta. Tun daga kansa ba a ƙara naɗa wani Fafaroma da kambi ba. Shi ne kuma, ran 4 ga Disamba 1963, ya sa hannu a kan dokar babban taron Batikan game da sujada, wadda ta ce a sauƙaƙa tsarinta, a rage maimaici, a yi ta yadda talaka zai gane, a ba harsunan mutane wuri. Saboda wannan doka mu ke sujada da Sango maimakon Latin. Shekara 14 daidai, rana ɗaya ta wata ɗaya, sai ga Bokassa yana neman mutumin da ya tuɓe kambi ya zo ya sa masa albarka a kan nasa.

To, ina ƙarshen abin? A watan Janairu 1979 'yan makaranta suka fita zanga-zanga, domin an tilasta musu sayen tufafin makaranta masu tsada, iyayensu kuwa an daɗe ba a biya su albashi ba. A watan Afrilu aka kama yara da yawa aka kai su kurkukun Ngaragba, wajen ɗari suka mutu. A watan Satumba na shekaran nan aka hamɓare shi. Daga naɗi zuwa faɗuwa ko shekara biyu ba a cika ba. Mutane suka farfasa gadon, sai ƙarafunan cikinsa suka rage suna tsatsa. Bokassa ya sha gudun hijira da shari'a da kurkuku, ya mutu a Bangi a 1996. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya. Ba mu faɗi wannan don mu yi wa matacce dariya ba, shari'arsa tana wurin Allah. Mun faɗa ne domin mu tuna cewa ana iya cika ɗakin Allah da furanni alhali kuwa ana shirin zub da jinin yara.

SHEKARUN WUTA

Yanzu mun zo kan abin da mu da kanmu muka gani. Ran 24 ga Maris 2013 'yan tawayen Seleka suka shiga Bangi, aka yi watanni ana kisa da kwasar ganima. Ran 5 ga Disamba 2013 'yan Anti-balaka suka kawo hari, cikin 'yan kwanaki mutum wajen dubu suka mutu. Mutum wajen dubu ɗari suka gudu filin jirgin sama na Mpoko, suna kwana a ƙarƙashin fikafikan tsofaffin jirage. Musulmin birni, waɗanda a dā sun fi dubu ɗari, suka watse zuwa Cadi da Kamaru, saura 'yan dubbai suka maƙale a Kilomita Biyar, ba shiga ba fita. A 2015 jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce cikin masallatai 436 na ƙasar an rushe 417. Dole in faɗi gaskiya da kunya: cikin masu wannan ɓarna akwai masu ɗauke da sunayen baftisma.

Masu bi ma sun sha nasu. Cocin Fatima, wanda ke nan bakin unguwarmu, ya cika da dubban masu gudun hijira. Ran 28 ga Mayu 2014 'yan bindiga suka auka masa, suka kashe mutum fiye da goma, har da wani tsohon Fada, Paul-Emile Nzale. Ran 1 ga Mayu 2018 aka sāke kai hari ana tsakiyar sujada, aka kashe Fada Albert Toungoumale-Baba, wanda kowa ya san shi da neman sulhu tsakanin Kirista da Musulmi, tare da waɗansu masu sujada.

A kwanakin nan me ya yi amfani? Kayan ado su aka fara kwashewa. Injin wuta da lasifika da kayan kiɗa na lantarki, wanda bai sace ba ya ƙone. Abin da ya yi amfani shi ne fili, da inuwa, da rijiya, da tabarma, da babbar tukunya, da mutanen da suka yarda su yi aiki ba lada. Mata suka yi ta tuƙa tuwon rogo dare da rana. Samari suka haƙa masai, suka yi gadi. Malaman makaranta suka tara yara a gindin itace. 'Yan sa kai na Red Cross suka bi tituna suna ɗaukar gawa, ba su tambayi addinin mamaci ba. Ban ji wanda ya tambayi kuɗin zama a lokacin ba.

A Boali, kusan kilomita 100 daga Bangi, Fada Xavier Fagba ya buɗe cocinsa a watan Janairu 2014, Musulmi wajen 700 suka fake a ciki, suna salla a harabarsa, ana harbin bangon da dare. A Bossemptele, Fada Bernard Kinvi, mutumin Togo, mai lura da ƙaramin asibitin mishan, ya ɓoye Musulmi fiye da dubu, ya riƙa bin daji yana ɗauko raunanannu. A nan Bangi, Akbishop Dieudonne Nzapalainga ya sauki Liman Omar Kobine Layama a gidansa watanni. Su biyu tare da Fasto Nicolas Guerekoyame-Gbangou suka riƙa yawo gari gari suna kashe wuta. Liman Kobine ya rasu a 2020, Kirista da yawa suka yi kukansa.

Sa'an nan, ran 29 ga Nuwamba 2015, Fafaroma Faransis ya sauka a Bangi, ko da ya ke an gargaɗe shi cewa ba tsaro. Ya je zangon 'yan gudun hijira, ya gaisa da yara cikin ƙura. Da yamma ya tura ƙofar katako ta babban cocin nan da hannunsa, ya buɗe Shekarar Jinƙai, tun kafin a buɗe ta a Roma. Kashegari ya shigo Kilomita Biyar, ya tuɓe takalmansa ya shiga babban masallacin Kuduku, ya tsaya tare da liman. A ranan nan mutanen da suka yi watanni ba su ƙetare iyakar unguwa ba suka fita, suka bi shi har filin wasa.

Ga coci ɗaya, ga ranaku biyu. A 1977 sarki ya shimfiɗa zinariya ya kira Fafaroma, bai zo ba. A 2015 ba abin da ya rage mana sai tabarma da hawaye, wani Fafaroma ya zo. Idan bawan Allah ya san inda ya kamata ya sa ƙafarsa, balle Ubangijinsa, wanda aka haifa aka kwantar a komin dabbobi?

TAMBAYOYI BIYU

Wani zai ce, "Malam, ashe Allah bai cancanci abu mai kyau ba? Sulemanu bai gina Haikali da zinariya ba? Matan nan da ta zuba wa Yesu turare mai tsada, ai bai tsauta mata ba." Gaskiyarka, ɗan'uwa. Sauƙin sujada dabam ne da ƙazanta, dabam ne kuma da ragwanci ko rowa. Ɗakin Allah ya kamata a share shi, a toshe yoyonsa, mawaƙa su koyi waƙa da kyau, mai karatu ya shirya tun daga gida. Kyau kuwa ba sai da tsada ba. A Wusasa, kusa da Zariya a Nijeriya, akwai cocin Bartalamawas Mai Tsarki, wanda aka gina a 1929 da jar ƙasa, irin ginin Hausa. Yana nan tsaye, baƙi suna zuwa daga nesa kallonsa. Abin da magina na gari suka iya, shi aka miƙa wa Allah.

Matan nan mai turare ƙauna ce ta sa ta, kuma nata ta fasa. Abin da za mu tambayi kanmu ke nan: wannan tayil, don ƙaunar Ubangiji mu ke so, ko don majami'ar da ke tsallaken hanya ta yi? Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Lasifika tana da amfani in tsohuwar da ke baya ba ta ji. In kuwa don a danne muryar maƙwabci ne, a unguwa irin tamu inda rauni bai gama warkewa ba, to, tsokana ce. Kujera mai laushi ta manyan baƙi kuwa, ku karanta wasiƙar Yakubu sura 2, ku ga abin da ya faɗa a kan ikilisiyar da ke zaunad da mai zoben zinariya a wuri mai kyau, ta bar matalauci a tsaye.

Wani kuma zai ce, "Aikin sa kai yana da daɗin faɗi ga mai ƙoshi. Mu fa da ba mu da aikin yi?" Wannan ma magana ce. Manzo Bulus ya koyar cewa wanda ya ba da dukan lokacinsa ga bishara yana da hakkin ci daga gare ta. Ikilisiyar da ke da hali, ta bar ma'aikacinta da yunwa, ta yi zunubi. Shugaban da ke hawa babbar mota, matan da ke share masa daɓe kuwa ko sannu ba ya ce musu, zai ba da lissafi. Amma Bulus ɗin nan ya riƙa ɗinkin alfarwa da hannunsa domin kada ya nawaita wa kowa. Ni ma da keken ɗinki na ke ci da iyalina. Ba a ce ka bar neman abincinka ba. Sa'a biyu a mako a ke nema, ka ba da kamar yadda ka ke ba da baiko. Gwauruwan nan ta Markus sura 12 'yan anini biyu ta jefa, Ubangiji kuwa ya lissafta nata fiye da na mawadata. Wanda ba shi da ko dala, yana da hannu, yana da tsintsiya.

Ku lura kuma da wannan. Duk aikin da sai an biya a ke yi, ran da kuɗi ya yanke aikin ya tsaya. Ƙungiyoyin agaji sun taimake mu ƙwarai, Allah ya sāka musu, amma baƙi ne, wata rana za su naɗe kayansu. Guntun gatarinka ya fi sāri ka ba ni. Ikilisiyar da kakanninmu suka bar mana ba ta tsaya ba sa'ad da Fada ya yi wata shida bai zo ba, ba ta tsaya ba sa'ad da rufi ya ƙone, domin a kan mutane masu ba da kansu aka kafa ta.

SHAWARA

Dattawanmu za su sāke zama ran Lahadi mai zuwa. Ga abin da zan faɗa musu, da ladabi, gama sun girme ni. A fara gyara rijiya, a bar ta a buɗe ga Kirista da Musulmi. A biya wa marayu kuɗin makaranta na shekaran nan. A sayi ƙaramar lasifika ɗaya wadda za ta kai bencin baya, ta tsaya nan. Daɓe kuwa mu daɓe shi da kanmu ran Asabar, tayil ya jira. Zan kuma je gidan dattijon da ya fita da fushi, in roƙe shi ya dawo, domin rabuwar kanmu ta fi rashin tayil muni. Yaron da ya tambaye ni kuɗin zama, zan kai shi ya ga matan da suka yi tuƙin tuwo a shekarun wuta, su ba shi labari da bakinsu.

Kai mai saurarona, ina ka ke sujada? Ko rumfa ce, kada ka ji kunyarta. Ubangiji ya yi alkawarin kasancewa inda mutum biyu ko uku suka taru cikin sunansa, bai kuwa sa sharaɗin rufi ko daɓe ba. Wane aiki ne ya ke jiran hannunka a can? Akwai mara lafiya da ba wanda ya gaishe shi? Akwai yaro da bai iya karatu ba? Kada ka jira a kira sunanka a gaban taro. Tashi ka ɗauki daro da mayafi, kamar yadda Ubangijinka ya yi.

Bari mu yi addu'a.

Ya Uba na Sama, mun gode maka domin bayinka da suka kawo mana maganarka da ƙafa, waɗanda ba mu san sunayensu ba, amma kai ka sani. Ka gafarta mana girman kai da gasa. Ka ji ƙan gwauraye da marayu na birnin nan, na Kirista da na Musulmi. Ka ba ƙasarmu salama mai ɗorewa. Ka ba mu zuciya mai tawali'u da hannu mai saurin aiki, domin mu yi maka sujada da gaskiya. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

In ka gama karanta wannan takarda, kada ka ajiye ta, ka miƙa wa maƙwabcinka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.